Madubi Ba Ya Juya Dama da Hagu

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai aski ya san abin da zan faɗa. Madubi a gabanka, wani a bayanka, ka ɗaga ido ka ga kawunanka a jere, wani bayan wani, suna ƙanƙancewa suna dushewa har su nutse cikin wani duhu mai ruwan kore. Ka ɗaga hannun dama, mutumin da ke kallonka ya ɗaga na hagu. Rubutun ƙirjin rigarka ya koma baibai. Amma kanka yana sama, ƙafarka tana ƙasa, babu abin da ya sauya. To in har madubi yana musanya dama da hagu, me ya hana shi musanya sama da ƙasa? Ta ina falon gilashin da aka kafa a bango ya san ina ne gefe, ina ne bisa?

Tambayar yara ce, amma na ga manya da dama ta ɗaure musu kai. Amsarta a taƙaice ita ce madubi bai taɓa juya dama da hagu ba. Sai dai ba za a gane hakan ba sai an koma baya kaɗan, an fara da abin da muke kira gani.

Harshenmu kansa yana ɗaukar ido tamkar mai aika wani abu waje. Mukan ce ya jefa ido, ya zuba ido, idonsa ya sauka a kan abu kaza. Haka manyan masanan Girka, irin su Yuklid da Batlimus, suka ɗauka: wai wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo, kamar yadda makaho ke lalube da sanda. An daɗe a kan wannan fahimta ɗaruruwan shekaru, har zuwan Abu Ali Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya kafa hujja cewa haske shigowa yake yi cikin ido daga waje. In ka kalli rana idonka ya yi zafi, ka rufe shi ka ci gaba da ganin tabonta. Abin da ke fita daga jikinka ba zai ji maka irin wannan ciwo ba, sai abin da ya shigo.

Abin da ya fi burge ni game da shi ba hujjar baki ba ce, gwaji ne. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, ya bar 'yar huda guda, sai ga ɗigon haske a bangon ciki, kowace fitila da nata ɗigon. Ya rufe fitila ɗaya, ɗigon da ke daura da ita ya ɓace, sauran suna nan. Ya buɗe, ya dawo. Ashe haske miƙe yake tafiya, kuma haskoki da yawa kan ratsa huda ɗaya ba tare da sun cakuɗa ba. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin da rufinsa ke da 'yar ƙofa ya ga wannan da idonsa, musamman lokacin hunturu da ƙura ta cika iska: zaren haske miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya daga rufi zuwa daɓe. An fassara littafin zuwa Latin wajen shekarar 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572, kuma a kansa masanan Turai suka ɗora nasu ginin. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2015 a matsayin shekarar haske, cikar littafin shekara dubu na cikin abin da aka yi bikinsa.

Don haka ganin abu yana nufin haske ya baro abin ya shigo idonka. Rana da wuta da ƙwan lantarki suna samar da nasu hasken. Duk sauran abin da kake gani, bango ne, akuya ce, fuskar ɗanka ce, hasken aro ne ya faɗa kansu ya komo. Ke nan kusan komai a duniya yana mayar da haske. Abin tambaya shi ne me ya bambanta madubi da bango.

Doka guda ɗaya

Komowar haske tana bin ƙa'ida ɗaya, kuma yaran da ke wasa da ɓallin madubi suna haska wa mutane ido sun san ta a hannu ko da ba su san ta a baki ba. Ka ɗauka an kafa tsinke a tsaye cak a kan fuskar madubi, daidai inda haske ya sauka. Gwargwadon yadda hasken ya karkace daga tsinken lokacin zuwa, haka zai karkace a ɗaya gefen lokacin tashi. Ya zo da kusurwar digiri 30, ya tashi da 30. Ya zo a miƙe ta kan tsinken, ya koma ta inda ya fito. Kamar ƙwallo ce da aka doka wa bango a kaikaice. Shi ya sa in yaro ya juya ɓallin madubinsa kaɗan, ɗigon hasken ke yin tsalle mai nisa a bango: juyin digiri 10 a madubi, juyin digiri 20 ne a hasken da ya komo. Girkawa sun san wannan ƙa'ida, Ibnul Haisam kuma ya ƙera na'urar tagulla ya auna ta a kan madubai iri-iri, shimfiɗaɗɗu da lanƙwasassu.

Farin bango ma wannan dokar yake bi, kuma yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa. Matsalarsa kaushi. Haske tafiya yake yi kamar igiyar ruwa, tsawon kowace igiya tsakanin nanomita 400 zuwa 700 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), wato kaurin gashin kai guda ya ninka shi wajen sau 100. A wannan ma'auni, bangon da hannunka ke ji sumul tudu da kwari ne, kowane ɗan gangare yana fuskantar nasa wajen. Hasken da ya baro hancinka da wanda ya baro kunnenka sai su faɗa kan waɗannan gangare su watsu ta ko'ina, su cakuɗe. Hasken ya dawo, amma tsarinsa ya lalace. Madubi kuwa santsinsa ya kai inda tudunsa bai kai tsawon igiyar haske ba, sai kowane zare ya dawo a kan layinsa, na hanci daban, na kunne daban.

Ruwan randa ya isa misali. In ya kwanta ka leƙa ka ga fuskarka, ka tsoma moɗa ta wargaje, alhali ruwan bai sauya ba, shimfiɗar samansa ce ta sauya. Haka iyayenmu mata da ke goge tasoshin jere da toka har su ga kansu a ciki: ba haske suke ƙara wa tagullar ba, kaushinta suke kankarewa. Ƙarfe kuma ya fi komai dacewa da wannan aiki domin yana da ƙwayoyin lantarki da ke yawo sakaka a cikinsa. Haske na isowa sai su yi rawa da kaɗawarsa, su hana shi shiga, su mayar da shi waje. Abin da ya sa azurfa ke ɗaukar wutar lantarki da kyau shi ne ya sa take ƙyalli.

Ina mutumin cikin madubi yake?

Ƙwaƙwalwa ta saba da cewa haske miƙe yake zuwa, kuma ba ta da hanyar sanin ya yi kwana a hanya. Hasken da ya baro goshinka ya bugi madubi ya dawo idonka, sai ta bi layinsa a miƙe ta koma baya, ta ajiye goshin a bayan gilashi. In ka yi lissafin kusurwoyin, wurin da take ajiye shi yana bayan madubi da daidai nisan da kake a gabansa. Kana mita ɗaya a gaba, siffarka tana mita ɗaya a baya, tsakaninku mita biyu. Masu gwajin ido suna cin moriyar wannan: gwajin karanta haruffa yana son nisan mita 6, in ɗakin mita 3 ne sai a sa madubi ya cike sauran.

Ga wani gwaji da nake so kowa ya yi da hannunsa, domin ba a cika yarda da shi ba sai an gani. Tsaya gaban madubi, ka rufe ido ɗaya, ka ɗiga sabulu a gilashin daidai inda ka ga saman kanka, ka ɗiga wani daidai haɓarka. Ka auna tsakaninsu. Rabin tsawon kanka ne. Ja da baya, ka matso, kanka zai ci gaba da cika tsakanin ɗigon biyu daidai. Dalili kuwa kullum madubin yana tsakiyar tazarar da ke tsakaninka da siffarka. Wannan ya sa madubin da ya kai rabin tsawonka ya ishe ka ganin kanka daga hula har takalmi, in an kafa shi a inda ya dace, kuma in bai kai ba, ja da baya ba zai ƙara maka komai ba.

Yanzu mu koma kan dama da hagu. Ka manta da waɗannan kalmomi biyu na ɗan lokaci, domin su ne ke rikita maganar, ka yi amfani da gabas da yamma da kudu da arewa, waɗanda ba sa juyawa in mutum ya juya. Ka kafa madubi a bangon gabas, ka fuskance shi. Nuna arewa da yatsa: mutumin ciki ya nuna arewa. Nuna kudu: ya nuna kudu. Nuna sama, ya nuna sama. Yanzu nuna gabas, wato madubin kansa. Shi sai ya nuna yamma, ya nuno ka. Nan kaɗai aka sami saɓani. Abin da madubi ke juyawa shi ne gaba da baya, layin da ya ratsa fuskarsa a tsaye, ba wani abu ba.

Zoben da ke hannunka na dama yana ɓangaren kudu, kuma a cikin madubi ma yana ɓangaren kudu, bai matsa ko taƙi ba. Mu ne muke kiransa hannun hagu, domin a zuci muna ɗaukar kanmu mu zagaya mu tsaya a matsayin wancan mutum muna fuskantar yamma, kuma da mun yi hakan da hannun damarmu ya koma arewa. Zagayen namu ne, ba na madubi ba. Mun saba in mutum zai fuskance mu juyowa yake yi a kan ƙafafunsa, ba ya tuntsurawa ya tsaya da ka, shi ya sa muke ɗora laifin a kan dama da hagu.

Rubutu ma haka ne. Kana karanta takarda, kana so ka nuna wa madubi, me kake yi? Juya ta kake yi da hannunka ta gefe. Kai ka musanya gefunanta, madubi ya nuna maka abin da ka yi. In ka kifa ta ta sama, harafin farko zai zauna a gefen da yake, amma rubutun ya koma kai ƙasa. Ka yi rubutu a farar leda mai shara-shara ka ɗaga ta gabanka ba tare da ka juya ba, za ka karanta ta daidai a hannunka, ka karanta ta daidai a madubi. In kuma kana son ganin madubin da ke juya sama da ƙasa, je bakin tafki da safe kafin iska ta taso: itatuwa duk kansu a ƙasa, domin wannan madubin a kwance yake, layin da ke ratsa shi ya zama na sama da ƙasa.

Duk da haka akwai wani abu na gaske da ya sauya, kuma bai kamata a share shi ba. Juya gaba da baya kaɗai yana mayar da siffar hannun dama ta zama ta hagu, kamar yadda safar hannun dama ke shiga hannun hagu in ka fito da cikinta waje. Mutumin cikin madubi ba kai ba ne da aka juyo, wani ne da babu yadda za a jujjuya ka ka yi daidai da shi. Saboda haka fuskar da ka fi sani a duniya, wadda kake gani kowace safiya, ba ita mutane ke gani ba. Wannan na cikin dalilan da kan sa mutum ya ga hotonsa ya ji kamar an karkatar da shi, alhali 'yan uwansa na cewa shi ne sak. In kana son ganin fuskarka yadda suke ganinta, haɗa madubi biyu su yi kusurwa kamar lungun ɗaki, ka dubi mahaɗarsu. Haske ya komo sau biyu, juyi na biyu ya warware na farko. Ka taɓa kunnen dama, ka ga hannu ya tashi a ɗaya gefen.

Daga baƙin dutse zuwa kasuwar Kano

Tsofaffin madubai da aka tono, na wani baƙin dutsen aman wuta ne mai kama da gilashi, a Catalhoyuk ta ƙasar Turkiyya, shekarunsu wajen 8,000. Misirawan dauri suna goge faifan tagulla. Madubin gilashi mai kyau sai a ƙarni na 16 ya kankama, a tsibirin Murano na Banis ta Italiya, inda ake shafe bayan gilashi da haɗin kuza da zaiba. Sana'a ce mai tsada mai kisa, domin tururin zaiba guba ne, kuma hukumar Banis ta tsare sirrin har ta hana magina gilashi fita ƙasar. Faransa ta yi dabarar janye wasunsu a shekarun 1660, daga baya ta ƙawata zauren fadar Basai da madubai 357. A 1835 wani masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya gano yadda za a kwantar da siririn fatar azurfa a kan gilashi ta hanyar haɗa ruwan sinadarai, kuma daga wannan hanya madubi ya fara zama kayan talaka. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya lissafa madubai da allurai na birnin Nurembag cikin kayan da fatake ke ratso Sahara da su zuwa kasuwa.

Abin lura shi ne gilashin ba shi ne madubin ba. Aikinsa ya ba da shimfiɗa mai santsi ya kuma kare fatar ƙarfen da ke bayansa, azurfa ko alminiyam, wadda aka rufe da fenti. Ɗora bakin biro a kan madubin ɗakinka, za ka ga 'yar tazara tsakanin biron da siffarsa, kaurin gilashin ne ya jawo ta. Baƙin tabon da ke cin gefen tsohon madubi kuma danshi ne ya sami hanya ya ci ƙarfen. Koren nan na shagon mai aski ma daga gilashin yake: akwai ɗan ƙarfe a cikinsa da ke shan ja fiye da kore, kuma a kowace komowa ana rasa wani kaso na hasken. Sau ɗaya ba a lura, amma bayan komowa ashirin sai ya taru.

Gilashi zalla ma yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska tasa. Da rana ba ka lura, hasken waje ya danne shi. Da dare in ka kunna fitilar ɗaki, waje ya yi duhu, sai taga ta zama madubi a wajenka, alhali na waje yana ganinka sarai. Ya kamata masu gilashin taga mai ƙyalli su san wannan: sirrin da yake ba su na rana ne kawai, dare na yi al'amarin ke juyewa.

In madubi ya lanƙwashe

Dokar ba ta sauyawa, fuskar ce kowane ɓangarenta ke duban wani waje. Cokalin ƙarfe ya ƙunshi darasin duka. Bayansa mai tudu yana baza haske, sai ka ga kanka ƙarami a tsaye, ga rabin ɗaki a bayanka. Irinsa ne madubin gefen mota: yana haɗiye fili mai faɗi, amma yana ƙanƙanta abin da ya nuna, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauki ƙarami a matsayin mai nisa. Tirelar da ka hango can baya ta fi kusa da yadda ka zata. Ina jin takaici duk lokacin da na ga matashi ya sayi sabon babur, abin da zai fara yi shi ne kwance madubansa wai don ado. Ido ne guda biyu a ƙeya ya cire ya ajiye.

Cikin cokali mai kwari kuwa tara haske yake yi wuri ɗaya. Zaruruwan suna haɗuwa a wani ɗigo su gitta juna, na sama ya koma ƙasa, shi ya sa kake ganin kanka a kife. In madubin mai kwari babba ne ka matso har ka shige wannan ɗigo, sai siffar ta miƙe ta ƙara girma, irin madubin gyaran gemu da na likitan haƙori. A sa ƙwan fitila a ɗigon, sai aikin ya juya: haske ya fita a dunƙule ya tafi nesa, wato tocila da fitilar mota. Faifan dish da ke kan rufin gidaje ma madubi ne, na igiyoyin rediyo, kuma ba ya bukatar ƙyalli domin waɗannan igiyoyi dogaye ne, kaushin fenti ba ya damunsu. A Warzazat ta Maroko, tashar Noor da aka buɗe kashinta na farko a 2016 tana amfani da dogayen layukan madubai masu kwari, suna tara rana a kan bututu, zafin ya tafasa ruwa ya juya injin da ke ba da megawat 160, a kuma adana wani zafin cikin narkakken gishiri don aiki bayan faɗuwar rana.

Manyan na'urorin hangen taurari na yau duk madubai ne, irin wanda Isaac Newton ya fara ƙerawa a 1668. A nan ne ake ganin iyakar abin da ake nufi da santsi. Na'urar Hubble da aka harba sararin samaniya a 1990 tana da madubi mai faɗin mita 2.4, sai aka tarar gefensa ya kauce wa siffar da ake so da kusan kashi 2 cikin 1,000 na milimita. Wannan kaɗai ya sa hotunanta suka yi hazo, har sai da 'yan sama jannati suka je suka saka mata gyara a Disambar 1993. Ta James Webb, da aka harba ran 25 ga Disamba 2021, madubinta mita 6.5 ne, an haɗa shi da falle 18, an shafe su da zinariya da duka nauyinta bai wuce giram 50 ba.

Akwai kuma wani tsari da na fi ƙauna saboda sauƙinsa. Haɗa madubai uku kamar lungun akwati. Duk ta inda haske ya shigo, zai bugi fuskokin uku ya koma daidai inda ya fito. Jan abin da ke bayan keke cike yake da irin waɗannan ƙananan lunguna, shi ya sa yake ƙyalli wa direban da ya haska shi kaɗai. A Yulin 1969 'yan sama jannatin kumbon Apollo 11 sun ajiye faranti mai irin waɗannan lunguna 100 a kan wata. Har yau ana harba masa hasken leza daga ƙasa, ya je ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi. Tunda an san haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai a lissafa nisan, kuma ta haka aka gano wata yana nisantar mu da santimita 3.8 kowace shekara. Idon kyanwa da na kura da ke ƙyalli cikin dare ma haka suke: akwai wani shimfiɗi a bayan idon da ke mayar da haske, domin ido ya sami damar kama shi sau biyu. Maharban dare da fitila a goshi sun san sai ka haska ne yake ƙyalli. A duhu na ainihi idon kyanwa ba ya ba da komai, kamar yadda Ibnul Haisam zai faɗa.

Madubin da babu madubi

Matafiyi a kan titin kwalta da tsakar rana a watan bazara yakan hango ruwa kwance a gaba, yana matsowa yana gudu. Kawalwalniya ke nan, wadda Alƙur'ani ya buga misali da ita a Suratun Nur, aya ta 39, mai ƙishirwa yana zaton ruwa ce. Ba ruɗin ido ba ne, domin kyamara ma tana ɗaukarta. Kwalta ta gasa iskar da ke dab da ita, iska mai zafi kuma ta fi ta samanta sakaka, haske ya fi sauri a cikinta. Hasken da ya gangaro daga sararin sama a kwance-kwance sai ya riƙa lanƙwasa a hankali har ya ɗago ya shigo idonka daga ƙasa. Abin da kake gani a kan titin sararin sama ne. Ƙwaƙwalwa kuma wuri ɗaya ta saba ganin sama a ƙasa, wato a kan ruwa, sai ta yanke hukunci.

Ɗan uwan wannan al'amari shi ke ɗauke da saƙonninmu. In haske yana cikin gilashi ya nufi fita zuwa iska a kaikaice sosai, fiye da digiri 42 daga tsinken nan da muka kafa, ba ya fita sam, dukkansa yake komawa ciki, ba tare da asarar da madubin azurfa ke yi ba. A ja gilashi mai tsabta ya zama zare siriri kamar gashi, a lulluɓe shi da wani gilashin da haske ya fi sauri a cikinsa, sai hasken da aka cusa ya yi ta bugun bango yana tafiya ba ya tserewa. Charles Kao ne ya nuna a 1966 cewa in aka tsarkake gilashi zai kai saƙo nesa, aka ba shi kyautar Nobel a 2009. Wayar MainOne da ta iso Legas daga Fotugal a 2010 ta ƙarƙashin teku irin wannan zare ce, kuma da wuya saƙon murya ya tashi daga Kano zuwa Jidda bai bi ta cikin irinsa ba.

Shi kansa wata ba madubi ba ne, dangin bango ne. Ƙasarsa mai kaushi ce mai duhu, tana mayar da kusan kashi 12 cikin 100 na hasken rana, kamar tsohuwar kwalta, duhun dare ne ke sa ta zama fara ƙal. Amma masu duban jinjirin wata sun san wani abu. A daren biyu ko uku ga wata, in sama ta yi garau, bayan siririn lauje mai haske akan ga sauran kewayen watan gaba ɗaya yana wani haske dishi-dishi kamar toka. Rana ba ta kai wa wannan ɓangare ba, dare ne a can. Masanin Italiya Leonardo da Vinci ya bayyana dalilin a farkon ƙarni na 16: duniyarmu ce ke haska shi. Lokacin da wata yake jinjiri a wajenmu, wanda ke tsaye a kansa zai ga duniya kusan cikakkiya, ta fi cikakken wata girma da haske nesa ba kusa ba. Mai kallo daga Katsina ko Maraɗi bayan sallar magariba yana duban yamma, inda rana ba ta faɗi ba tukuna. Hasken tokar da yake gani ya baro rana minti takwas da 'yan daƙiƙu da suka wuce, ya sauka a kan gizagizai da ruwan Tekun Atlantika, ya tashi zuwa wata, ya sake komowa ya shiga idonsa.